Tsakanin Alat da Katin Asibiti

A ƙofar gidanmu da ke cikin Birni akwai wani dakali da ya girmi yawancin masu zama a kansa. Bayan sallar isha'i nan ake baje tabarma, a taɓa hirar duniya kafin sauro ya kori kowa. A wani dare na ƙarshen 2024, lokacin da sabon albashi ya fara shiga asusun ma'aikatan Jihar Kano, wani ƙanenmu malamin firamare ya zo yana haska takardar albashinsa da fitilar waya. Ya miƙa wa wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya ɗora yatsa a kan layi guda.

"Baba, dubi nan don Allah. Kuɗin lafiya ne wai. Duk wata sai an cira, ni kuwa rabona da asibiti har na manta. Da za su bar mini abina in ƙara a cefane, ai da ya fi mini."

Dattijon ya juya takardar, ya mayar masa. Ya ce, "Malam, Allah ya ƙara maka lafiya. Amma ranar da za ka nemi wannan layin, ba da rana za ta zo ba, da tsakar dare za ta zo."

Tun daga wannan dare maganar ba ta bar raina ba, domin ina jin irinta a bakin ma'aikata da yawa, daga masinjan Sakatariyar Audu Bako har malaman makaranta. Idan aka ce wa ma'aikaci ya zaɓa tsakanin ƙarin kuɗi a hannu da kariyar asibiti, yawanci kuɗin zai ɗauka. Ban ga laifinsa ba. Sai dai ina ganin cinikin faɗuwa ne, kuma ina ganin ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna zuba duk ƙarfinsu a kan adadin albashi, suna barin ɗaya ɓangaren ya lalace ba mai tsawatarwa.

Mu fara da albashin kansa. Dattawanmu har yau suna tuna Udoji. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974 zamanin Janar Gowon, aka ƙara wa ma'aikata albashi, aka haɗa musu da ariyas na watanni. An sayi babura da rediyo, an yi aure, an yi wa ɗaki rufin kwano. Kafin a ankara kasuwa ta ji ƙamshin kuɗin, farashi ya tashi bai sake saukowa ba, kuma ya hau kan mai albashi da marar albashi baki ɗaya. Abin da ya biyo baya duk maimaici ne. A 2011 mafi ƙarancin albashi ya zama naira 18,000. A 2019 ya koma 30,000, Kano ta ɗora ɗari shida a kai ta biya 30,600. A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan 70,000, a watan Oktoba kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da 71,000 ga ma'aikatan jiha. A takarda an ninka kuɗin fiye da sau biyu cikin shekara biyar. Amma 30,000 ta 2019 ta haura dala tamanin a canjin wancan lokaci, 70,000 ta 2024 kuwa ba ta kai dala hamsin ba. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, sai ga ta ta haye naira dubu a ƙarshen 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, bisa lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Wanda ke hawa adaidaita sahu daga Ƙofar Na'isa zuwa wurin aiki kullum, ko yake auno shinkafa a Kasuwar Rimi, ba ya buƙatar a karanta masa waɗannan alƙaluma.

Ba cewa nake kada a nemi ƙarin albashi ba. Haƙƙi ne, kuma wanda ke karɓar 71,000 da iyali a gabansa yana cikin ƙunci na gaske. Abin da nake cewa shi ne, kuɗin hannu yana da abokan rabo da yawa. Mai gidan haya yana jira, mai shagon unguwa da littafin bashinsa yana jira, kuɗin makarantar Islamiyya yana jira, ga biki ga suna. Naira dubu biyu ko uku da za a daina cira a bar wa malamin nan, ba za ta kwana uku a aljihunsa ba. Ba kuma don shi almubazzari ne ba. Babu gidan ma'aikacin da zai ga tukunya ba komai sannan ya ɓoye kuɗi don cutar da ba ta zo ba tukuna.

Magani kuwa ya fi abinci saurin tashi, saboda yawancinsa, ko sinadaran haɗa shi, daga waje ake shigowa da su da dala. A Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a Najeriya, masu asma da ke dogaro da abin shaƙa na Ventolin suka ga yadda kuɗinsa ya ninka a kemis. Mai hawan jini da mai ciwon suga ba su da hutu, kullum sai sun sha. Na san gidaje a cikin Birni inda tsoho ke raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata, ko ya sha yau ya tsallake gobe, har ranar da za a kwashe shi ranga-ranga da shanyewar ɓarin jiki. A ƙasar nan fiye da kashi saba'in cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fitowa, a daidai lokacin da ciwon ya kama. Ma'anar wannan a unguwa ita ce sayar da keken ɗinkin uwargida, da jinginar da fili, da tashi a masallaci bayan sallar asuba a ce jama'a a taimaka wa ɗan'uwa.

Katin asibiti wani irin albashi ne daban. Ba naira yake ba ka ba, alkawarin aiki yake ba ka: likita zai duba ka, za a yi gwajin jini, za a karɓi haihuwa, za a yi tiyata idan ta kama. Idan kuɗin tiyata ya ninka, alkawarin yana nan yadda yake, nauyin ƙarin ya koma kan asusun da dubban mutane suka tara. Shi ne kawai ɓangaren haƙƙin ma'aikaci da mai shago ba zai iya cinyewa ba.

Gwamnatin tarayya ta kafa dokar inshorar lafiya a 1999, aka ƙaddamar da ita ga ma'aikatanta a 2005 zamanin Obasanjo, sannan a Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta wajabta shiga tsarin ga kowane ɗan ƙasa. Kano ta yi tata dokar a 2016 zamanin Ganduje, ta kafa hukumar da ake kira KSCHMA. Sunan da aka ba ta da Hausa ya fi na Turancin faɗin gaskiyar lamarin: taimakekeniyar lafiya. An kauce wa kalmar inshora ne don an san yadda mutanenmu ke ɗari-ɗari da ita ta fuskar addini, suna ganin akwai garari da kama da caca a ciki. Taimakekeniya kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Matan cikin Birni sun ƙware a adashi tun kafin a buɗe banki a Kano. 'Yan kasuwar Kurmi sun san yadda ake haɗa wa wanda gobara ta cinye wa rumfa jari. Bambancin kawai shi ne, a adashi kowa yana jiran ranar kwasarsa, a nan kuwa wanda bai kwasa ba shi ne ya fi kowa sa'a. Malamin da ya ce rabonsa da asibiti har ya manta, kuɗinsa bai ɓata ba. Shi ya biya wa matar wani masinja ƙarin jini, shi kuma Allah ya bar shi da lafiyarsa.

Na ga wannan da idona. Shekarun baya matar wani maƙwabcinmu, ƙaramin ma'aikaci, naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare. Muka tare adaidaita sahu a bakin titi, domin mota ba ta shiga lungunmu. Da aka isa asibiti aka ce sai an yi aiki, kuma ba a jira. Na ga yadda jikin mutumin nan ya yi sanyi, yana lalube a aljihu, ya san abin da ke ciki bai kai ko kuɗin safar hannu da ruwan drif ba. Sai yayarsa ta ce masa, "Kai, ina katin nan naku na wurin aiki?" Yana cikin jakar matar, tare da katin awo. An yi aikin, an sami ɗiya mace. Ya kashe kuɗi, ba a ce bai kashe ba, amma bai sayar da komai ba, bai kuma tsaya a gaban kowa yana murza hula ba. A shekarar ce kuma wani maƙwabcin, mai sayar da takalma, irin wannan ta same shi ba shi da kati. Sai da ya shekara biyu yana biyan bashi.

To me ya sa ma'aikaci bai yarda ba? A nan dole a yi masa adalci, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ma'aikacin Kano ya ga yadda aka yi da kuɗin fansho. Ana cira daga albashinsa duk wata, amma sai ga bashin garatuti ya taru har gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta gaji kimanin naira biliyan 48, tsofaffi suna ta sintiri da fayil a hammata, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Ya kuma ga abin da ya faru a shekarar korona. An zaftare kasafin 2020 da kusan kashi talatin cikin ɗari, sannan a ƙarshen shekarar da farkon 2021 ma'aikata suka ga alat ya shigo a gutsure, gwamnati ta ce kason da take samu daga asusun tarayya ya ragu, ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar yajin aiki. Wanda ya ga an taɓa albashin da doka ta tsayar, yaya za a yi ya sakankance da wani asusu da ba ya gani? Ga kuma kukan da ake ji a duk faɗin ƙasar daga masu riƙe da irin wannan kati: a bar ka a layi har azahar, likita ya rubuta magani huɗu, a ba ka farasitamol, sauran a ce babu, je ka waje ka saya. Mutumin da aka cire wa kuɗi a albashi sannan ya sake biya a kemis, sau biyu ya biya, kuma yana da gaskiya idan ya fusata.

Sai dai ya kamata a san daga ina wannan "babu" take fitowa. A irin wannan tsari, hukuma tana biyan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista a can, ko ya zo ko bai zo ba. Manyan ayyuka kamar tiyata kuma ana biyansu daban, bayan asibiti ya tura takardar neman biya. Idan kuɗin wata-wata ya makara, ko aka bar shi a farashin shekarun baya alhali magani ya ninka, asibiti ba shi da abin da zai sayo magani da shi. Ma'aikacin kantin magani ba zai yi wa marar lafiya wannan dogon bayani ba, kalma ɗaya zai faɗa. Asusun kuwa ƙafa biyu aka tsara masa, kason ma'aikaci da kason gwamnati a matsayinta ta mai ɗaukar aiki. Kason ma'aikaci ba ya makara, tun kafin kuɗin ya iso hannunsa an yanke. Na gwamnati shi ne a jihohi da dama yake zama alkawari a takarda.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna game da lokutan tsuke bakin aljihu, kuma za su dawo, domin jihar da ta dogara da rabon Abuja tana tashi tana faɗuwa ne tare da farashin ɗanyen mai. Idan gwamnati ta rage albashi, kafin la'asar gari ya ɗauka, gidajen rediyo sun cika da kira, shugabannin ƙwadago sun kira taron manema labarai. Idan kuwa ta jinkirta zuba kasonta a asusun lafiya wata shida, babu wayar da za ta yi ƙara. Ragin zai bayyana ne a hankali, a tagar kantin magani, ga mutum ɗaya yau, ga wani gobe, kowa yana zaton shi kaɗai ne bai yi sa'a ba. Duk mai riƙe da lalitar gwamnati ya san wane ragin ne ba shi da hayaniya. Shi ya sa idan shugabannin ƙwadago suka shiga ɗakin tattaunawa suka fito da adadin albashi kawai, sun bar ƙofar baya a buɗe. Ana iya ba ka dubu goma ta gaba, a karɓe fiye da haka ta baya, ka fito kana godiya.

Ba mu kaɗai muka taɓa tsayawa a wannan mararraba ba. A Amurka, lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnati ta hana ƙarin albashi a 1942, sai kamfanoni suka koma jan ma'aikata da alkawarin biya musu kuɗin asibiti, abin ya zauna har yau. Shi ya sa a can idan kasafin jiha ya yi giɓi, rigimar malaman makaranta da gwamna takan koma kan wa zai biya nawa a kuɗin lafiya. A jihar Wiskonsin a 2011 dubban ma'aikata sun mamaye majalisar dokoki makonni a kan dokar da ta ɗora musu ƙarin kason lafiya da fansho, ta kuma rage musu ikon yin ciniki a ƙungiyance. Sun ɗauki kuɗin asibiti a matsayin albashi, suka kare shi kamar albashi. Gana kuma, da ta kafa nata tsarin a 2003, ba ta jingina shi da albashin ma'aikata kawai ba, ta sa harajin kashi biyu da rabi a kan kayan saye da sayarwa, don asusun ya sami mashiga ta dindindin, ya kuma ɗauki manomi da 'yar kasuwa. Hausawan zangon Kumasi sun san katin nan sarai. Su ma suna kukan jinkirin biyan asibitoci, amma ba su ce a rushe ba.

Akwai kuma wurin da rigar ba ta yi wa Bakano daidai ba, kuma ina mamakin yadda ba a cika tayar da shi ba. Tsarin tarayya, wanda jihohi suka kwaikwaya, ya ɗauki ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Wanda ya tsara wannan bai taɓa shiga gidan gado a Yakasai ko Mandawari ba. Mai mata biyu da 'ya'ya tara, wace zai rubuta, wace zai bari? Wannan kaɗai ya isa ya haɗa faɗa a gida. Ga mahaifiya tsohuwa a ɗakin ƙofa, wadda ita ce ta fi kowa shan magani, ga marayun ɗan'uwa da yake riƙo. Ƙara mutum yana nufin ƙarin biya. Cututtuka masu cin dukiya kamar wankin ƙoda da ciwon daji kuma, a yawancin irin waɗannan tsare-tsare ko dai ba sa ciki, ko wani ɓangare kawai ake ɗauka. Sannan tsarin da aka gina a kan cirar albashi yana tsayawa ne inda albashi ya tsaya, sai in an yi wa ɗan fansho tanadi na musamman. Mutum ya yi shekara talatin da biyar yana zubi lokacin da jikinsa ke da ƙwari, a ce kariyar ta yanke a shekarar da gwiwa da ido suka fara ba shi matsala, wannan ba taimakekeniya ba ce. Waɗannan su ne abubuwan da nake so in ji ana ɗaga murya a kansu ranar ɗaya ga Mayu a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

Da ni ne a teburin tattaunawa, kafin a taɓa maganar adadi sai na nemi a rubuta cewa kason gwamnati zai fita rana ɗaya da albashi, a yanke shi daga tushe kamar yadda ake yanke na ma'aikaci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai na nemi a riƙa buga lissafin asusun duk wata uku, nawa ya shigo, nawa aka biya kowane asibiti, nawa ake bin bashi, a karanta a rediyo da Hausa yadda malamin firamare zai fahimta. Kuma duk ranar da aka ƙara albashi, a sake duba kuɗin da ake biyan asibitoci a kan kowane mutum, tunda magani bai tsaya a farashin jiya ba. Idan an ce babu magani, ya zama akwai wurin da mai kati zai kai rasit a mayar masa da kuɗinsa ba tare da ya san wani babba ba.

Na san akwai mai cewa, ma'aikatan gwamnati nawa ne a cikin miliyoyin mutanen Kano? Marinin Ƙofar Mata da dukawan Ƙofar Wambai da mai tallan koko ba su da albashi balle a cira. Gaskiya ne. Don su aka yi asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanada, da kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, don su kuma Kano ta kafa nata asusun amanar lafiya a 2017. Amma ma'aikata su ne ginshiƙin da ya fi tabbas, su ne masu zubin da ba ya yankewa, su ne kuma masu ƙungiyar da za ta iya buga tebur. A benci ɗaya suke zama da marini a Asibitin Murtala, 'ya'yansu a layi ɗaya suke a Asibitin Hasiya Bayero. Idan ma'aikata suka janye, kantin maganin da ya bushe musu ya bushe wa kowa.

Makonni bayan wancan dare na sake haɗuwa da malamin a bakin masallaci. Matarsa ta haihu wata huɗu da suka wuce, lafiya ƙalau, a gida. Na tambaye shi ko ya sa jaririn a rajista. Ya yi shiru, ya ce bai ma san ana ƙarawa ba, shi dai yana ganin ana cira.

"Yaya, ina ake zuwa? Kuma me zan tafi da shi?"

Na ce ya nemo takardar haihuwar yaron da katinsa, ranar Litinin in an tashi daga makaranta mu je tare mu tambaya.